Rijiyar da Ta Tsayar da Kaka

Wata Lahadi ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko, ana saura 'yan kwanaki babbar Sallah, Kaka ta kurɓi ruwan rijiyarmu ta furzar da shi. Muna cikin garkarmu ta Gamkalle a Yamai, ƙarƙashin mangwaro, rana ba ta gama ɗagowa ba amma zufa ta riga ta jiƙa mana wuya. Baba ya sha farar riga, sai walwala yake yi, don ranar ce za a fara ɗibar ruwan sha tun da ya sa aka ƙara wa rijiyar zurfi, aka yi mata sabon baki na siminti. Shi da kansa ya zura guga, ya jawo, ya cika ƙwarya, ya miƙo mini in kai mata. Kaka ta karɓa da hannu biyu, ta yi bismilla, ta kurɓa. Sai na ga kumatunta sun tsaya cak, idanunta sun kankance. Ta juya ta feshe shi a kan wata kaza da ke kiwonta ba ruwanta da kowa, kazar ta yi tsalle tana kyarkyara, ni da yayana Sani muka tuntsire da dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba. Kaka ta goge baki da gefen mayafi, ta dube ni, ba ta dubi Baba ba, ta ce, "Takwara, gaya ma Mai Biro ya kashe rijiya. Wanga zartsi ne. In an sha Sallah a nemo mani motar Tawa."

Kaka mahaifiyar Baba ce, sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini takwara. Daga wani ƙauye kusa da Tawa aka ɗauko ta bayan rasuwar kakanmu, kuma sai da aka yi ta lallashi kafin ta yarda ta hau mota zuwa Yamai. Da ta iso, ba hayaniyar birni ce ta dame ta ba, ba sauro ba, ba Zabarmancin da ba ta ji ba. Ruwan famfo ne ya hana ta sakat. Ta ce warin magani yake, wanda ya sha shi kamar ya lashi asibiti. Inna ta dafa shi, ta tace, ta turara randa da turaren ƙasa, duk a banza. Sai ranar da aka kai ta garka ta ɗanɗana ruwan 'yar tsohuwar rijiyar da ke can, ta ce a ƙaro. Tun daga ranar kowa a gidanmu ya san sharaɗin zamanta, don ta faɗe shi a fili: muddin rijiyar nan na ba da ruwan daɗi tana nan, ranar da ta daina kuwa ta kama hanyar gida. Ga kuma wani abu da ya kamata a sani: Baba ɗan farinta ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye sai dai ta bi ta kaina ko ta kan bango. Mai Biro take ce masa, saboda aikin gwamnati da yake yi a biro, wato ofis. Shi ma in ya shigo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, idonsa a ƙasa.

Ɗebo ruwan Kaka aikina ne, kuma ina alfahari da shi kamar an ba ni sarauta. Kullum da sassafe kafin lakwal nakan ɗauki ɗan tuluna in bi ta tsakanin fangalin salati da na tumatir, raɓa na jiƙa mini ƙafa, maƙwabtanmu Zabarmawa masu garka suna gaishe ni da "fofo" ina amsawa da guntun Zabarmancina suna dariya. Rijiyar a lokacin ba ta da wani zurfi, babba in ya kwanta a bakinta ya miƙa hannu da ludayi mai dogon mariƙi zai taɓa ruwa. Amma fa ɗibarta akwai doka. Ba a jefa guga a ji tinjim. Ƙwarya ake ɗaura wa igiya, a sauke ta a hankali, a kwantar da ita a fuskar ruwan, a bar ta ta sha da kanta. Kaka takan ce, "Ruwan daɗi a sama yake kwana, a tashe shi da ladabi." Ni dai a lokacin na ɗauka irin tsirfar tsofaffi ce, kamar yadda take hana mu yin fito a ɗaki. Da wannan ruwa ake dama furarta, da shi take jiƙa goronta, shi take ba mu a moɗarta in mun dawo daga lakwal maƙogwaro a bushe, tana tsokanar Sani tana ce masa mai gidanta da bai taɓa sayo mata ko zane ɗaya ba.

To, a shekarar nan zafi ya yi zafi. Gulbin da ya ratsa Yamai ya ja baya har yashi ya fito fili a tsakiyarsa, ruwan rijiya ya yi ƙasa, igiyata ta soma kasawa sai an yi mata ƙari. Hankalin Baba ya tashi. Yana tsoron kada wata safiya in dawo da tulu wayam, Kaka ta ce to, sharaɗi ya cika. Bai iya zuwa ya ce mata, Inna, ki zauna ko da ruwa ko babu, don wannan magana ba ta fita daga bakin ɗan fari. Abin da zai iya shi ya yi: ya kirawo magina rijiya. Suka yashe ta, suka ci gaba da gini, suka wuce yashi, suka tarar da wani jan yumɓu mai tauri, suka fasa shi, suka shiga marmara. Nan ruwa ya ɓulɓulo da ƙarfi har sai da suka fito da gudu, kowa na ta barka. Aka bar shi ya kwanta, aka shiga ban ruwan garka da shi babu ƙaƙƙautawa, manyan guguna na faɗawa suna fitowa. Ba wanda ya yi tunanin ya ɗanɗana, sai ranar da kaza ta sha wanka.

Da muka koma gida Kaka ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta cikin wani shuɗin zane, ta ajiye ƙunshin a bakin ƙofa inda duk mai wucewa zai gan shi. Wayyo, ƙunshin nan ya hana ni sukuni! In ina shara sai in kewaye shi kamar maciji. A lakwal mushe, wato malaminmu, na rubutu a allo, ni kuwa ina tunanin wa zai riƙa yi mini kitso yana ba ni labarin kuraye, wa zai riƙa ɓoye mini ƙanzo, wa zan gudu bayansa in Inna ta ɗauko muciya. Ni da Sani muka shiga neman dabara. Muka tace ruwan da ɗankwali, yana nan da zartsinsa. Muka zuba masa gawayi, ya koma baƙi kuma ga zartsi. Sani, uban wayo, ya jefa ƙwayoyin sukari cikin tulun ya girgiza, muka kai mata muna sunne kai. Ta kurɓa, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Mai gidana, ruwa na ce, ban ce shayi ba." Maƙwabta suka yi ta aiko da na rijiyoyinsu, ta ce wannan warin laka, wancan ɗanɗanon ƙarfe. Ta koma shan ruwan famfo tana toshe hanci, kurɓi ɗaya a dole, kamar mai shan maɗaci. Baba kuwa ya daina cin abincin kirki, ya dawo daga biro ya zauna a zaure yana juya hularsa.

Yaro dai yaro ne, duk damuwarsa ba ta hana shi wasa. Da la'asar, in an gama ban ruwa, mukan gangara bakin gulbi mu tarar da sauran yaran unguwa a kan yashi. Maza na langa da kokawa, mu mata muna carafke da tuwon ƙasa, can nesa masu wanki sun shanya tufafi jere-jere, masu kwalekwale na tura gora. Wasan da ya fi haɗa mu duka shi ne ginin rijiya. Kowa ya durƙusa ya yi ta yaƙutar yashi da hannu har ruwa ya tsattsafo, a ga ta wa ta fi zurfi, ta wa ta fi saurin cika. Can sama da wurin, bisa tudu, akwai wata marina inda mata ke rina shadda, in sun gama su juye ragowar ruwan rini cikin wani rami a bayan danga, ƙasa ta shanye. Tsakanin ramin nan da inda muke wasa akwai tafiya, kuma yashin fari ne tas, babu ko ɗigon launi a kansa. Ranar nan Sani ya rantse sai ya kayar da kowa. Ya kwanta rub-da-ciki, ya tura hannu har kafaɗa, yana yaƙuta yana nishi. Da ya zaro hannun sai muka kwashe da ihu, don yatsunsa sun koma shuɗi kamar ya mari aljani.

Yara suka watse, wasu na cewa ya taɓo gidan mutanen ruwa. Ni ma na ja da baya, amma son gani ya fi ƙarfin tsorona, na dawo na leƙa. Ramin ya cika, ruwan sama garau har ina ganin fuskata, amma can ƙasa wani shuɗin ruwa na kwance luf, bai hau ba, bai gauraya ba. Na sa kara na motsa, duka ya rine. Muka kwashe shi da gwangwani muka jira, sai ga farin ruwa na tsattsafowa daga gefe-gefe yana hawa, shuɗin kuma ya sake taruwa a gindi. Sai muka shiga bin sa. Muka gina wani rami wajen tudu, muka same shi ya fi kauri, ya fi kusa. Muka gina wani wajen gulbi, sai da muka sha wuya kafin mu cim masa, ya yi siriri ya yi faɗi, ya bazu hagu da dama kamar kunun da aka zubar a faifai. A wani wuri muka rasa shi ɗungum, ashe wani dunƙulen yumɓu ya tarar ya kewaye, muka same shi a ɗaya gefen yana ci gaba da tafiyarsa. Ruwan marina ne, mai nauyin gishiri da sinadarin rini, ya nitse ya bi ta ƙarƙashin farin ruwa yana rarrafe cikin yashi, ba wanda ya san da shi. Ina durƙushe, gwiwoyina cikin jiƙaƙƙen yashi, sai na ji muryar Kaka a kunnena tana cewa ruwan daɗi a sama yake kwana. Na ce wa Sani, "Kai, ka ga abin da ke cikin rijiyarmu ke nan, sai dai namu ba shi da launi!"

Da gudu muka isa gida, muka jawo Baba daga zaure, hannu shuɗi, baki na rige-rigen bayani. Ya biyo mu don dai mu ƙyale shi. Amma da ya tsuguna ya leƙa ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga fuskarsa ta sake. Ya buga cinya ya ce, "Kai, Allah mai iko! An koya mana wannan a lakwal, na bar shi can cikin littafi." Muka wuce garka. Ya samo kwalba ya ɗaura mata dutse, ya toshe bakinta da totuwa mai zare, ya sauke ta har gindin rijiya, sannan ya fizge zaren ta cika a can. Ya ɗanɗana, ya yamutse fuska, ya ba mu muka lasa: kanwa da gishiri zalla, har harshe na kamewa. Ya ɗebo na sama da ƙwarya, shi ma da zartsi amma da sauƙi. Nan ya yi mana bayani, yana zane a ƙasa da tsinke. Ya ce ƙarƙashin garkarmu akwai wani tsohon ruwa da ya daɗe kwance cikin marmara yana narkar da gishirin dutse, ya yi nauyi. Ruwan sama da na gulbi kuwa ba su da nauyi, a cikin yashin da ke bisa suke tafiya. Jan yumɓun nan shi ne ya raba su, mu kuma muka fasa shi, muka yi ta jan ruwa da ƙarfi, har na ƙasan ya samu hanya ya biyo.

Magina rijiya duk sun tafi garuruwansu Sallah, babu wanda za a kira. Washegari Baba ya dawo daga biro, ko gida bai shiga ba, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaura igiya a ƙugu, maƙwabta suka riƙe, ya sauka. Mutumin da ban taɓa ganin ƙura a takalminsa ba! Aka kwashe ruwan iya yadda za a iya, mu yara muka yi layi daga bakin gulbi muna miƙo yumɓu a tasa da kwando, ana zura masa, yana dannawa da ƙafa yana kirɓawa da taɓarya. Bayan yumɓu aka zuba tsakuwa, bayan tsakuwa farin yashi, har rijiyar ta dawo kusan yadda take a da. Maƙwabta na ta yi masa ba'a, wai ba su taɓa ganin wanda ya sa a gina rijiya kuma ya dawo yana cike ta da hannunsa ba, shi ma yana dariya daga can ƙasa muryarsa na amsa-kuwwa. Da aka jawo shi, laka tun daga gashin kai har yatsun ƙafa, idanu kawai ake gani. Ina juyawa sai na hango Kaka tsaye can bakin danga da sandarta. Ban san wa ya gaya mata ba, ban san tun yaushe take wurin ba. Da ta ga na gan ta, sai ta juya tana duban wani zogale kamar shi ya kawo ta.

Baba ya hana kowa taɓa rijiyar, ya ce a bar ta ta huta. Sallah ta zo, unguwa ta cika da hayaƙi, raguna a banƙare jikin itace kewaye da wuta a kowace ƙofar gida, muka sha sababbin kaya muka yi yawon barka da Sallah, amma ni rabin zuciyata na kan shuɗin ƙunshin nan. Ranar da aka gama rabon nama, aka ce gobe akwai motar Tawa. Da sassafe na ɗauki tuluna da ƙwaryata na tafi garka. Na sauke ƙwaryar a hankali, na kwantar da ita a fuskar ruwan, ina roƙon Allah a zuci. Ban yarda na ɗanɗana ba, tsoro nake ji. Da na dawo na tarar da kowa a tsakar gida, Inna ta bar wanke-wanke, Sani ya kasa zama, Baba na tsaye a bakin zaure ya juya baya wai yana gyara kekensa. Kaka ta karɓi moɗa, ta yi bismilla, ta kurɓa. Ta riƙe shi a baki, kowa ya zuba mata ido. Sannan ta haɗiye, ta miƙo moɗar ta ce, "Ƙaro." Ta shanye na biyun, ta dubi ƙofar ɗakinta ta ce, "Wa ya ajiye wanga ƙunshi a hanya, so kuke in faɗi? Takwara, kai shi ciki." Sani ya yi wani tsalle har ya ture turmi, Inna ta rangaɗa guɗa, Baba kuwa ya hau kekensa ya fita, amma na ga yana share ido da hannun riga.

Kaka ba ta sake zancen motar Tawa ba. Ta zauna da mu har na gama lakwal, har ta ga aurena, har ta goya ɗiyata ta fari. A ciwonta na ƙarshe ina zaune kusa da ita ina ba ta ruwa da cokali, muka tuno da kazar nan da hannun Sani, muka yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Sai na ce, "Kaka, ashe dai aikin Baba ya yi kyau, ruwan ya dawo da daɗinsa ranar." Ta harare ni irin hararar da na sani tun ina ƙarama. Ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Da sauran zartsi, mai yawa ma. Sai da damina ta sauka ta wanke ƙasa kafin ya dawo daidai." Na ce to me ya sa ta ce a ƙaro? Ta juya fuska wajen bango, yadda takan yi in za ta yi zancen Baba. Ta ce, "Na ga yaron nan cikin rami, laka har ka, saboda ni. In ce masa mi? Ai sai dai in sha ruwa." Wannan ne karo ɗaya tak da na ji ta ce masa yaro, ba Mai Biro ba.

Yau garkar nan babu ita. An yanka wurin an yi gidaje, rijiyar na ƙarƙashin daɓen wani da bai san da ita ba, Kaka da Baba duka suna kwance a maƙabartar Yantala, ba su da nisa da juna. Ni kuma malama ce, ina koyar da kimiyya. Duk shekara nakan cika kwalba da yashi da farin ruwa, in zuba ruwan gishiri da na rina da shuni ta gefe ɗaya, ɗalibai su taru suna kallon yadda yake nitsewa yana rarrafe ta ƙasa, suna ihu kamar yadda muka yi a bakin gulbi. 'Ya'yana ruwan leda suke sha, mai sanyi daga firiji, ba su san ruwa na da sama da ƙasa ba, kuma in suna son abu a wurina faɗa mini suke yi kai tsaye, su rungume ni, ba sai sun bi ta kan bango ba. Ina jin daɗin hakan, wallahi. Amma har yanzu akwai randa a ƙofar ɗakina, kuma in zan sha ba na nitsa moɗa, kwantar da ita nake a fuskar ruwan in jira ta cika, suna ta yi mini dariya. Wani lokaci in na kurɓa sai in ji kamar da ɗan zartsi a ciki, sai in haɗiye in ƙara.